Mai lafiyar ido da ke ɓata a cikin ɗakinsa

Idan mutum ya farfaɗo daga shanyewar ɓarin jiki, tambaya biyu ake yawan yi a bakin gadonsa: yana magana? Yana taka ƙafa? Da zarar an ce e, sai a yi hamdala a fara haɗa kaya. A ganina wannan ma'auni ya gaza, kuma waɗanda ya fi zalunta su ne waɗanda ciwon ya taɓa musu sashen ƙwaƙwalwar da likitoci ke kira pariyetal.

Sashen yana saman kai ta wajen baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shi ke haɗa abin da ido ya gani, da abin da fata ta ji, da saƙon da gaɓɓai ke aikowa, ya gaya wa mutum inda jikinsa yake da inda abubuwa suke daga gare shi. Da shi kake miƙa hannu ka ɗauki kofi ba tare da tunani ba, da shi kake shiga ƙofa kafaɗarka ba ta daki bango ba. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, ko ƙari ya tsiro, ko aka bugu a ka, ido na iya zama garau amma lissafin wuri ya rushe.

Abin da aka fi gani shi ne idan na dama ya lalace. Mara lafiya sai ya daina lura da duk abin da ke hagunsa. Ya cinye rabin abincin da ke cikin faranti ya ce ya ƙare. Ya aske gefe ɗaya na fuskarsa. A ce ya zana agogo, ya cusa lambobin 12 duka a gefen dama. Kuma da yake cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa a wurin yawancin mutane, bakinsa na nan daram, yana hira yana gane kowa. Wannan ne ke yaudarar masu jinya.

A 1978 wasu masana biyu a Italiya, Bisiach da Luzzatti, suka nuna zurfin matsalar. Suka ce wa marasa lafiyarsu su ɗauka a ransu suna tsaye a babban dandalin birnin Milan, suna fuskantar majami'ar da ke wurin, su faɗi gine-ginen da ke kewaye. Sai suka lissafa na dama, suka bar na hagu. Aka ce to su ɗauka sun koma ɗaya ƙarshen dandalin sun juyo. Nan take gine-ginen da suka tsallake ɗazu suka fito daga bakinsu, waɗanda suka faɗa da farko kuma suka ɓace. Babu abin da suka manta, dandalin duka yana cikin kansu. Hagun ne ya gagare su, ko a zahiri ko a cikin tunani. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai sake daka wa irin wannan mutum tsawa wai ya buɗe ido ya duba ba.

Mafi ciwo shi ne da yawansu ba su san akwai matsala ba. Tun 1914 likitan Faransa Babinski ya yi bayanin marasa lafiyar da ke musanta cewa hannunsu na hagu ya shanye. Wanda bai san ya rasa abu ba ba zai kai ƙorafi ba, sai 'yan uwa su fassara abin da taurin kai, ko sakaci, ko ruɗewar tsufa. Idan kuwa sashen na dama da na hagu ne duka suka taɓu, kamar yadda likita Balint ɗan ƙasar Hungari ya bayyana a 1909, da wani likitan mai suna Holmes a kan sojojin da harsashi ya samu a ka lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutum zai ga abu sarai ya kai hannu ya kama iska. Akwai ma wani nau'in cutar mantuwa ta Alzheimer da ke farawa daga bayan ƙwaƙwalwa, masu ita su yi ta sauya tabarau a banza.

Abin da nake kira gare shi ba mai tsada ba ne. Takarda da biro sun isa a fara ganowa: a ja layi a ce mara lafiya ya raba shi biyu daidai, a warwatsa ƙananan alamomi a shafi a ce ya soke su duka, a ce ya zana agogo. Aikin 'yan mintoci ne, kuma ya kamata a yi wa duk wanda ɓarin jikinsa ya shanye kafin a sallame shi, sannan a zaunar da iyalinsa a nuna musu takardar su gani da idonsu.

Za a ce ai da yawa suna samun sauƙi da kansu cikin watannin farko, kuma hanyoyin gyaran da ake da su, irin su horar da mutum ya riƙa juya kai hagu da gangan, ko tabarau mai karkatar da gani da aka fara gwadawa a 1998, ba kowa suke yi wa aiki ba. Gaskiya ne. Amma waɗannan watannin farkon su ne lokacin faɗuwa a banɗaki, da hannun hagu da ke lilo kusa da wuta ko tayar keken guragu ba tare da mai shi ya sani ba. Wasu kuma abin na zame musu na dindindin. Iyalin da aka yi wa bayani za su juya masa farantin, su kawar da abin tuntuɓe daga hanyarsa, su raka shi idan zai ƙetare titi. Kuma ba za su miƙa masa makullin mota don kawai ya karanta allon gwajin ido har layin ƙarshe ba, sai likitan ƙwaƙwalwa ya gwada shi ya amince.