Mai Ƙafar Katako Ya Sa Ni Ɗingishi a New York

Kwanana tara a New York Yaya ya aike ni in karɓo kilishi da yaji wurin wata Hajiya da ta iso daga gida. Yana neman makullin taksinsa ya ce, "Tana Stuyvesant. Kai da ka yi boko ai ba sai an raka ka ba." Na ce ko ido rufe. Na zura sabon takalmin da na saya takanas don Amurka, wanda tun a shago yake cizo, mai shagon ya rantse zai saki.

Na buga sunan a waya, na danna na farkon da ya fito. Daga Bronx na yi ta sauya jirgin ƙarƙashin ƙasa har na ɓulla Stuyvesant Avenue. Na kira. "Ranki ya daɗe, na iso." Ta ce, "Ɗan nan, ina leƙe ta taga ban gan ka ba. Me ke gabanka?" Na faɗa mata. Ta saki salati. "Wa ya kai ka Brooklyn? Manhattan muke!"

Na juyo. A Manhattan na tarar da Stuyvesant Street, ɗan guntun titi karkatacce, ba nan ba ne. Na gangara Stuyvesant Square, nan ma lambu ne da benci da tattabaru. Waya ta mutu. Diddigena ya riga ya tashi bororo, sai na tuɓe takalmin dama na riƙe a hannu, na jingina da wani mutum-mutumi na ɗage ƙafar tana shan iska.

Ban ankara ba na ji ƙyas. Wani dattijon Bature da matarsa suna ɗaukata hoto, suna dariya har da hawaye. Na ɗaga kai. Ashe mutumin da na jingina da shi ƙafarsa ta dama katako ce, ni kuma ga ni ƙarƙashinsa tsaye da ta hagu kamar zalɓe. Sun ɗauka wasan kwaikwayo nake.

Dattijon daga Holand ya zo, kuma bai bar ni ba sai da ya sauke min tarihi. Peter Stuyvesant ke nan, ɗan limamin coci daga Friesland. Ya shiga kamfanin Holand mai fataucin yammacin teku, aka ba shi tsibirin Curaçao. A 1644 ya kai wa Sifaniyawa hari a tsibirin Saint Martin, harsashin igwa ya yi gaba da ƙafar. Ni da a ce ni ne, daga nan sai tabarma da carbi. Shi kuwa ya koma gida aka sassaƙa masa wata, ya yi aure, a 1647 ya sake hayo teku ya zo ya mulki New Amsterdam. Katangar da aka gina a zamaninsa a 1653 ita ta bar wa Wall Street suna. Da jiragen yaƙin Ingila huɗu suka iso a 1664 ya ce sai an gwabza, mutanen gari har da ɗansa na cikinsa suka sa hannu a takarda cewa a miƙa wuya. Aka miƙa, gari ya koma New York. Ya je Holand ya amsa tambayoyi, ya dawo gonarsa ya zauna har ya mutu a 1672.

Na ce ina gonar? Dattijo ya buɗe hannuwa ya zagaya da su. Wato tun azahar cikin gonar mutum nake bulayi, mai gona yana kallona.

Shi ya nuna min Stuyvesant Town, dogayen gidajen jan bulo, layi ɗaya tak daga inda nake. Na ja ƙafa, takalmi a hammata. Wani mai shago ya taimaka ya sa min caji, na kira Hajiya, ta sauko. Ta dubi ƙafata, ta dubi takalmin, ta ce, "Sannu ɗan nan. Ai Yayanka ya gaji da jira, ya biyo da taksi ya karɓa tun la'asar."

Da na isa gida yara sun cinye rabin kilishin. Yaya bai ce komai ba, ya miƙo min silifas ɗinsa na banɗaki.