Kafin ka janye takardar ɗaukar aiki, ka kira mutum ka ji ta bakinsa

Shekaranjiya ƙanwata ta shigo gidana idanunta sun yi jajur. Makonni uku da suka wuce wani kamfani ya ba ta takardar ɗaukar aiki, har ta ajiye koyarwar da take yi a wata makarantar kuɗi, ta kai ɗinkin kayan zuwa ofis. Sai ga saƙo a waya, layi biyu kacal: an janye tayin saboda binciken takardunta bai fito daidai ba. Ba a faɗi wace takarda ba, ba a ce ta zo ta yi bayani ba. Ta kira sau huɗu, babu wanda ya ɗaga. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Yaya, ni me na yi?"

Muka baje takardun a kan tabarma muna bi ɗaya bayan ɗaya. A ta WAEC an rubuta sunan mahaifinmu Mohammed, a NIN Muhammad. A takardar digiri kuma ga sunan garinmu a ƙarshe, wanda hedimasta ya laƙaba mata tun firamare don a bambanta ta da wata takwararta a aji. Daga baya wani da na sani a kamfanin ya tabbatar mini cewa wannan ne dalilin. Duk wanda ya taso a Arewa ya san haka takardunmu suke. Nawa ne cikinmu aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don kawai malamin rajista ya cike gurbi?

Kada a ɗauka ina adawa da tantance ma'aikata. Wallahi ina goyon bayansa, domin mun ga abin da ya ishe mu. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai bayan an gano digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A Satumbar 2018 Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a kan takardar yafe hidimar ƙasa ta jabu. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Wanda zai yi wa ɗanka allura ko ya riƙe maka asusu, dole a san takardarsa ta gaskiya ce.

Amma ku duba: maganar ministar ta fito ne a Yuli, ba ta sauka ba sai Satumba. Ta samu fiye da wata biyu. Ɗiyar talaka kuwa saƙon waya ɗaya ya gama da ita, ko minti biyar ba a ba ta ba ta buɗe baki.

Kuma "bincike bai fito daidai ba" buhu ne da ake cusa abubuwa iri-iri a ciki. Akwai wanda ya je ya buga takardar bogi. Akwai wanda jami'arsa ce kawai ba ta amsa wasiƙar da aka aika mata ba, fayil na can kan tebur yana shan ƙura. Akwai wanda tsohon maigidansa ke jin haushin tafiyarsa, da aka kira shi sai ya shafa masa baƙin jini. Ta yaya za a yanke wa waɗannan hukunci iri ɗaya? Mu da aka karantar da mu a Suratul Hujurat cewa idan labari ya zo a yi bincike kafin a cutar da mutane cikin rashin sani.

Roƙona ga masu ɗaukar aiki ba mai nauyi ba ne. Ku rubuta ɓaro-ɓaro a takardar tayi cewa aikin bai tabbata ba sai an gama tantancewa, ku kuma faɗa wa mutum da baki kada ya saki na hannunsa tukuna. Idan wani abu ya ɓullo, ku kira shi, ku nuna masa, ku ba shi mako ɗaya ko biyu. Bambancin suna, takardar rantsuwa daga kotu da wasiƙar magatakardar jami'a sun isa su warware shi. In kuwa ta tabbata jabu ce, to a janye, a rubuce, da dalili, kuma babu alfarma ko ɗan gidan wane ne ya kawo shi. Sannan a rufa masa asiri, kada a watsa takardunsa a zauren WhatsApp. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma ta shafi kamfanoni.

Jiya na raka ƙanwata kotu ta yi takardar rantsuwa. Ranar Litinin za mu kai musu da hannu, tare da wasiƙar neman a sake dubawa. Ta leƙa tsohuwar makarantarta ko za su mayar da ita, aka ce mata tun makon jiya wata malamar ta karɓi ajin.