Waƙar fim ɗin Casablanca da mawaƙin da bai ci moriyarta ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa saboda fim ɗin Casablanca aka rubuta waƙar "As Time Goes By", alhali ta girme shi da shekara 11. Herman Hupfeld ne ya rubuta ta a 1931 domin wani wasan dandamali na birnin New York mai suna Everybody's Welcome, kuma a shekarar ne Rudy Vallée ya rera ta a faifan garmaho. Ta ɗan yi kasuwa, sannan aka manta da ita. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne wasan kwaikwayon da Murray Burnett da Joan Alison suka rubuta, wanda kamfanin Warner Bros. ya saya ya mayar da shi fim ɗin Casablanca a 1942, domin tun a rubutun nasu waƙar ce take haɗa masoyan labarin.

Saura ƙiris a cire ta. Max Steiner, wanda aka ɗora wa tsara kiɗan fim ɗin, bai so ta ba, ya nemi a bar shi ya rubuta tasa. Amma hakan na bukatar a sake ɗaukar wuraren da jarumar fim ɗin, Ingrid Bergman, ta ambaci waƙar, ita kuwa ta riga ta rage gashinta saboda fim ɗinta na gaba. Da Steiner ya ga babu mafita, sai ya rungumi karin waƙar ya saƙa shi cikin kiɗan fim ɗin gaba ɗaya, wani wuri da taushi, wani wuri da nauyin baƙin ciki, kuma a ganina wannan aikin nasa yana cikin dalilan da suka sa ta zauna a zukatan masu kallo.

Sai dai wanda ya ba ta rai da muryarsa shi ne Dooley Wilson, baƙar fatar Amurka ɗan jihar Texas, wanda ya fito a matsayin Sam, mawaƙin gidan shaƙatawar da ke cikin labarin. Asalin sana'arsa waƙa ce da kiɗan ganga, har ya zagaya Turai da ƙungiyarsa a shekarun 1920, kuma fiyanon da ake ganinsa a gabansa wani ne yake kaɗawa a bayan fage. Muryar kuwa tasa ce, murya mai natsuwa wadda ba ta neman burgewa, irin ta mutumin da ya san waƙar za ta fama wa mai saurare ciwo amma aka matsa masa ya rera.

A nan ne abin yake sosa mini rai. A ranar 1 ga Agusta 1942 ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin James Petrillo, ta hana 'ya'yanta ɗaukar sabbin faya-fayai, saboda kamfanoni suna samun kuɗi da faya-fayan da ake sakawa a gidajen rediyo da wuraren shaƙatawa ba tare da makaɗa sun samu rabonsu ba. Ƙorafinsu yana kan hanya, ban musa ba. Amma lokacin da fim ɗin ya bazu a sinimomi a farkon 1943, jama'a suka rinƙa zuwa kantuna neman waƙar, babu faifan Wilson da za a sayar musu. Kamfanin RCA Victor ya kakkaɓe tsohon faifan Vallée na 1931 ya sake fitar da shi, ya kuwa shiga sahun gaba a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai daga baya Wilson ya samu ya ɗauki nasa faifan, lokacin da zafin neman ya riga ya lafa.

Bayan haka manyan mawaƙa sun yi ta rera ta, daga Billie Holiday a 1944 zuwa Frank Sinatra, kuma muryar Jimmy Durante ce ta buɗe fim ɗin Sleepless in Seattle a 1993. Cibiyar Finafinai ta Amurka ta sa ta a matsayi na biyu cikin waƙoƙin fim 100 da ta zaɓa a 2004, Warner Bros. kuma ya mayar da karinta kiɗan da ke rakiyar tambarinsa. Duk wannan daraja daga fim ɗin ta samo asali, domin waƙar da Vallée ya rera ta yi shekara goma a ajiye babu mai nemanta, sai da Wilson ya rera ta. Saboda haka nake ganin duk wanda zai ba da tarihinta ya kamata ya sa sunan Wilson kusa da na Hupfeld, kafin na duk wani mawaƙin da ya sayar da faifanta.

Wilson ya rasu a 1953. A 2014 an yi gwanjon fiyanon da ya zauna a gabansa a cikin fim ɗin a New York, aka saye shi a kan dala miliyan 3.4.