Matilda ta Ingila: a tambayi waɗanda suka ci rantsuwa

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin rikicin sarautar da ya ɗaiɗaita Ingila daga 1135 zuwa 1153, sai ka ji an jibga wa Matilda laifi. Wai girman kai ne ya hana ta hawa gadon ubanta, wai ba ta iya lallaɓa manya ba. Wannan bayani bai gamsar da ni ba, don ya tsallake mutanen da suka haddasa fitinar.

A watan Nuwamba na 1120 wani jirgin ruwa ya yi karo da dutse a bakin Barfleur, a gaɓar Nomandi, yankin arewacin Faransa da ke hannun sarkin Ingila a lokacin, mutum kusan 300 suka nutse. Cikinsu har da William, ɗa namiji tilo da Sarki Henry na Ɗaya ya samu ta hanyar aure. Sarki ya sake aure, Allah bai ba shi haihuwa ba. Saura 'yarsa Matilda, wadda ta auri sarkin Jamus, mijin ya rasu a 1125 ta dawo gida. A farkon 1127 Henry ya tara hakimai da manyan limaman coci suka rantse cewa ita za su naɗa bayansa. Stephen, ɗan 'yar'uwar sarki, yana sahun gaba na masu rantsuwar.

Henry ya rasu ran 1 ga Disamba 1135 a Nomandi. Kafin a binne shi Stephen ya ƙetare teku, ya shawo kan mutanen Landan, ya kama baitulmali a Winchester, inda ƙanensa yake bishop. Ran 22 ga watan aka ɗora masa kambi. Da aka tuna da rantsuwa, sai wani bafade mai suna Hugh Bigod ya rantse cewa sarki ya sauya ra'ayi a kan gadon mutuwa. Da wannan shaida aka wanke alkawarin da ƙasa ta ɗauka a bainar jama'a.

Masu kare Stephen suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. A lokacin Ingila ba ta da tsayayyar doka ta gado. Henry da kansa a 1100 ya yi wuf ya haye kujera kwana uku bayan mutuwar wansa William Rufus, alhali babban wansu Robert yana hanyar dawowa daga yaƙi. Ke nan a wurin kawunsa Stephen ya koyi dabarar. Sannan mijin Matilda na biyu, Geoffrey na Anjou, daga gidan da mutanen Nomandi suka daɗe suna gaba da shi ya fito, kuma ba a yi shawara da yawancin hakimai ba kafin ɗaurin auren. Rantsuwar ma, wa zai iya ƙin yin ta a gaban sarki mai zafi irin Henry?

To amma a duba ta inda Stephen ya samu jinin sarauta. Uwarsa Adela 'yar William ce, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. A lissafinmu shi da Matilda taubasai ne: shi ɗan mace, ita 'yar namiji. In har sarauta za ta bi ta jikin mace ta isa ga Stephen, da wace hujja za a ce 'yar sarki ta cikinsa ba ta da rabo? Ko a ɗakinsu ma ba shi ne babba ba, yana da wa, Theobald. Saurin ƙafa ne kawai ya ba shi kujerar.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. A 1141, bayan an kama Stephen a yaƙin Lincoln, Matilda ta isa Landan ana shirin naɗa ta, sai ta nemi kuɗi masu yawa daga mutanen birnin da kakkausar murya. Suka kaɗa ƙararrawa, suka fito da makamai, ta gudu. Kuskure ne babba, ya kuma ci mata sarauta. Sai dai ubanta ya yi abin da ya fi wannan tsanani, aka kira shi sarki mai kwarjini. Matar Stephen ma, ita ma Matilda sunanta, ta tara dakaru ta tilasta aka saki mijinta, marubutan zamanin suka yaba mata. Mace ta yi yaƙi don miji, an yarda. Ta nemi mulki da sunan kanta, nan ne aka ga rashin kunya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ba a tambaye su komai ba. Hakiman da suka karya rantsuwa sun yi ta sauya sheƙa, yau ga Stephen gobe ga Matilda, kowane ɓangare yana sayen su da filaye da muƙamai. Suka gina gidajen yaƙi ba da izinin kowa ba, da gumin talakawa, suna kama manoma suna azabtar da su don su fito da abin da suka ɓoye. A wasu yankuna an ƙona amfanin gona, yunwa ta shiga, ƙauyuka suka watse. Ana yawan ba da labarin yadda Matilda ta sulale daga Oxford a 1142, inda Stephen ya yi mata ƙawanya, sanye da fararen kaya cikin dusar ƙanƙara. Labari ne mai daɗi, amma manomin da aka ƙone wa rumbu a wannan hunturun babu wanda ya rubuta sunansa.

A 1153 babban ɗan Stephen, Eustace, ya mutu. Manya sun gaji, aka zauna a Winchester aka daidaita: Stephen ya ci gaba da sarauta har ƙarshen ransa, sannan ɗan Matilda ya gaje shi, duk da Stephen yana da wani ɗa namiji a raye. Shekara ba ta cika ba Stephen ya rasu, aka naɗa ɗan Matilda, Henry na Biyu, a Disamba 1154. Hujjar yaron kuwa ɗaya ce, haƙƙin uwarsa, wanda aka shafe shekara 18 ana musantawa.

Ita Matilda ta rasu a Rouen a 1167 ba ta taɓa ɗora kambin Ingila ba. Sai a 1553 aka naɗa mace ta farko mai mulkin kanta, Mary, kuma sai a 2015 dokar da ta hana ƙane namiji ya tsallake yayarsa a layin gado ta fara aiki.