In an tura albashin, ina takarda?

Yau 11 ga wata, ma'aikatan wani kamfani a Garwa, ƙasar Kamaru, ba su ga ko dala ta albashinsu ba, kuma har yanzu maganar manyansu ɗaya ce: "mun tura, rezo ne ya riƙe", wato wai matsalar netwok ce. Wallahi wannan magana ta ishe ni. In an tura, ina takarda?

Kuɗin da ya bi ta banki ba ya tafiya babu sawu. Kamfani yana kai wa bankinsa takardar umarnin biya, ɗauke da sunaye da lambar RIB (wato cikakkiyar lambar asusun banki) ta kowane ma'aikaci, banki ya buga hatimi da kwanan wata. In asusunka da na kamfani a banki ɗaya suke, yawanci ranar kuɗin ke sauka. In bankunan daban ne, sai ya ratsa ta SYSTAC, hanyar da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta shimfiɗa wa bankuna, ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu na aiki. Asabar, Lahadi da ranar hutu ba sa cikin lissafi, shi ya sa wanda aka kai Juma'a da yamma sai Litinin ko Talata. Iyakarta ke nan. Babu rezon da ke riƙe albashi kwana goma.

Don haka ɗan'uwa, daina zaryar duba waya. Je wurin mai lissafin kamfani ka nemi kwafin umarnin biya mai hatimin banki. In ya ba ka, duba RIB ɗinka, lambobi 23 ne, guda ɗaya ta kauce sai kuɗin ya koma inda ya fito. In daidai suke, kai takardar bankinka su bi sawu. In kuwa ya fara kame-kame, to ba a tura ba, ko an kai takarda alhali asusun kamfani babu kuɗi.

Masu cewa a yi haƙuri kasuwa ta yi sanyi, mun ji. Sai a fito a faɗa, a daina jingina wa banki laifi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992, sashe na 68, ta ce a biya albashin wata kafin kwana 8 su wuce bayan ƙarewar watan. Ya wuce haka, ma'aikacin kamfani na da damar kai ƙara wurin sufeton ƙwadago, kuma ku je a ƙungiyance, da takardun albashinku na baya.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai bashin banki. Ranar cire bashi ba ta jiran kowa. Asusu babu komai, sai ribar jinkiri ta hau kansa, albashin ya zo a yanke masa, ga mai gidan haya a ƙofa, ga littafin mai kanti ya cika. Wa zai biya masa wannan? Duk mai irin wannan bashi ya rubuta wa bankinsa tun yau, ya ajiye kwafi.

Af, kowa ya duba katin ɗan ƙasarsa ma. Banki na iya tsayar da asusu in katin ya ƙare ba a kai sabo ba, kuɗi na ciki amma ba ya ciruwa, kuma ba kowane lokaci suke sanar da mutum ba.