Ƙannena na Fada, Ku Zauna Ku Karanta Littafin da Kansa

Shekaranjiya da dare na zauna a wata fada a Zango, nan Damagaram, ana kan shayi na biyu, gardama ta kaure kan tsadar hatsi da kuɗin sefa. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ce jari-hujja ce ta kashe mu. Na tambayi wanda ya fi kowa ɗaga murya, yaro mai kaifin basira da ke shekara ta biyu a jami'a, ya faɗa mana daga ina ribar mai gidan burodi take fitowa. Ya yi shiru. Abin ya tsaya mini a rai, domin fushinsa na gaskiya ne, amma duk abin da ya riƙe ya tsinto shi ne daga bidiyon minti biyu a TikTok.

Ƙannena, wanda bai san yadda cuta take shiga jiki ba, ba zai iya yi mata magani ba. Akwai waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu suna bin diddigin tsarin nan, kuma littattafansu suna nan. Karl Marx, Bajamushe da ya zauna a Landan, ya fitar da juzu'in farko na littafinsa a kan jari, mai suna Das Kapital, a 1867. Abokinsa Engels ne ya fitar da na biyu da na uku bayan mutuwarsa, a 1885 da 1894. Ku da kuka yi lakwal ba ku da uzurin harshe: fassarar juzu'in farko zuwa Faransanci ta fito kashi-kashi daga 1872 zuwa 1875, don leburori su iya saye da ɗan abin hannunsu, kuma Marx da kansa ya bi ta ya gyara.

Ga amsar da yaron nan ya rasa. A ce ma'aikacin gidan burodi yana shiga aiki da tsakar dare, ya fito bayan awa goma. A cikin awa huɗu na farko ya riga ya gasa abin da ya kai darajar ladarsa ta ranar, bayan an cire kuɗin fulawa da itace. Sauran awa shida fa? Abin da ya fito a cikinsu na mai tanda ne. Ba a yi masa fashi ba, ba a tauye masa ko dala cikin abin da aka yi alkawari ba, da yardarsa ya zo, domin ba shi da tanda, ba shi da gona, ƙarfinsa kaɗai yake da shi na sayarwa. Wannan rarar ita ce tushen riba a wurin Marx. Nan ne zafin maganar yake: yana cewa ko mai gida mutumin kirki ne, gasar kasuwa za ta tilasta masa ya matse ma'aikaci ko ya rufe. Wanda ya gane wannan zai daina ɓata ƙarfinsa wajen zagin Alhaji wane, ya koma tambayar wa ke riƙe da kayan aiki.

Kuma kada wani ya ce muku wannan tunanin Turawa ne zalla. Ibn Khaldun, wanda malamanmu na Birni suka sani, ya rubuta a Muƙaddima tun 1377 cewa riba darajar aikin ɗan Adam ce.

Ku karanta da idon Badamagare. Idan kun kai babin da ke bayanin yadda aka fara tara jari, da kwace filayen manoma a Ingila da cinikin bayi daga Afirka, ku je ku tambayi kakanninku na Magarya da Matamai zancen gyaɗa. An sa musu haraji da kuɗi, kuɗin ba ya samuwa sai an noma abin da kamfanonin Turawa ke saye, farashi kuma ba a gonar ake yanka shi ba. Ku tuna Janairun 1994, da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. Ku dubi matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011, kashi 60 na kamfanin Sin, 40 na ƙasarmu, ku tambayi kanku me littafin ya bayyana a nan, me kuma ya kasa bayyanawa.

Domin akwai abin da ya kasa. Ba wahayi ba ne. Ra'ayin Marx a kan addini ba namu ba ne, ba kuma za mu karɓa ba. Ya sa ran juyin juya halin ma'aikata zai fara a ƙasashe masu manyan masana'antu, sai ya ɓarke a Rasha a 1917, daular da aka gina da sunansa ta zubar da jini mai yawa, ta rushe a 1991. Masana tattalin arziki da dama ba su yarda da bayaninsa na daraja ba. Shi ya sa nake so ku haɗa da littafin masanin tattalin arziki Adam Smith, na 1776, wanda Marx ɗin ya karanta ciki da bai kafin ya soke shi. Mai sukar abin da bai karanta ba da mai yabon abin da bai karanta ba, ajinsu ɗaya.

Babukan farko na littafin Marx suna da tauri, marubucin ma ya amsa haka. Idan sun tsaya muku a wuya, ku fara da babin da ke maganar tsawon ranar aiki, wanda ya cika da rahotannin masu binciken masana'antun Ingila game da yara ƙanana da ke kwana a bakin inji. Ku ware dare ɗaya a mako, shafi goma, mutum ɗaya ya karanta, wani ya mayar da Hausa. Ku gayyato ɗan kabu-kabun da ke kai wa mai babur kuɗi kullum da yamma, da majemin da ke sayar da fata, su gaya muku inda littafin ya faɗi daidai da inda ya kauce. Ni ina da juzu'in farko, duk fadar da ta shirya zan kawo shi ranar Alhamis bayan isha'i.