Agogon Hedimasta a Ƙasar Bask

Shekara 31 na yi ina koyarwa, 14 daga ciki ina hedimasta, kuma duk yaron da ya bi ta hannuna zai shaida maka cewa ƙarfe bakwai da rabi nake rufe ƙofar makaranta. Ina tsaye a bakin get, tsumagiya a dama, agogo a hagu. Wanda ya makara ba ma sai na yi magana ba, ƙwanƙwasa gilashin agogon kawai nake yi da ɗan yatsa, shi da kansa zai miƙo hannu. Ranar da na yi ritaya malamai suka yi karo-karo suka saya mini agogon hannu mai kyau. Tun daga ranar ban taɓa murɗa shi ba, ban kuma yarda wani agogo ya ƙaryata shi ba. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da abin ya faru da shi.

'Yar farinmu, kun san ba a faɗin suna, tana aikin jinya a Ingila. Da muka je ganin jika a watan Yuni, ita da mijinta suka ce sun yankar mana tikitin jirgin ruwan yawon buɗe ido, kwana bakwai, daga Southampton zuwa gaɓar Sifaniya a dawo. Ashe shi ya sa ta matsa mana mu nemi bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai irin su Sifaniya, tun muna Kano. Ni da ko kwalekwalen Tiga ban taɓa shiga ba, sai ga ni a cikin wani abu da ake kira jirgi amma ya fi unguwarmu jama'a, da benaye, da masu dafa abinci dare da rana.

Daren farko lafiya lau. Dare na biyu muka shiga tekun Biskay, tsakanin Faransa da Sifaniya, nan ido ya raina fata. Gado ya tafi gabas, cikina ya tafi yamma. Hajiya kuwa ko gezau, tana zaune tana cin tuffa tana ba ni labarin bikin 'yar ƙanwarta. Cikin wannan hali aka turo wata takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Na ɗauka, haruffan suka yi mini rawa, na ce ba yanzu ba. Hajiya ta ce goro na kwantar da tashin zuciya, ta ɓara mini ɗaya, na ci rabi, na naɗe sauran a takardar na cusa aljihu.

Da gari ya waye muka tarar jirgi ya tsaya a Getxo, su suna furta shi Geco, wani gari a bakin teku kusa da Bilbao, a yankin mutanen Bask. Yawancin fasinjoji suka yi layin motocin da za su kai su Bilbao kallon gidan kayan fasaha na Guggenheim, wanda aka buɗe a 1997. Na tambayi kuɗin, na mayar da shi naira a zuci, na ce, “Hajiya, ƙafa kyauta Allah ya ba mu. Ga gari nan a gabanmu.” A bakin tsani an kafa allo: kowa ya dawo kafin biyar da rabi. Na dubi allo, na dubi agogo, na yi murmushi. Wayoyinmu kuwa tun a jirgi na sa aka kashe su, don an gaya mini kuɗin kira a ƙasar waje yankan kai ne.

Na fito cikin babbar riga ta shadda, ta sha bugu, da hula kube sabuwa dal. Wani yayyafi ake yi siriri, ba ka ganinsa sai dai ka ji ka jiƙe. Sirimiri suke ce masa, kuma sunan ya dace da shi. Muna tafe gefen rairayin Ereaga sai wani dattijo da karensa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kaico!” Na yi turus. Ba mu yi nisa ba wata mata mai tura keken jariri ta yi murmushi ita ma ta ce, “Kaico!” Na duba gaban riga, na duba baya, na shafa hula. Na ce, “Hajiya, me suka gani a jikina?” Ta ce, “Shaddar suke tausayi, Malam. Dubi yadda ta lanƙwame.” Sai daga baya muka gane kalmar kaixo ce, ana furta ta kaisho, kuma sannu take nufi a harshensu. Harshen nan, Euskara, ba Sifaniyanci ba ne, ba Faransanci ba, masana ma ba su samo masa ɗan'uwa ko ɗaya a duniya ba. To ni dai na samo masa dangantaka da Hausa, sai dai duk a juye take, kamar yadda za ku ji.

Muka kai tsohuwar tashar masunta ta Algorta. Fararen gidaje ne ƙanana da tagogi kore da ja, sun hau kan juna a jikin tudu, lunguna matsattsu kamar na cikin birni, sai dai duk matakala ce. Kafin mu kai sama gwiwata ta fara kiran sunana. Yunwa kuma ta taso, tunda abin da na ci jiya teku ta karɓe.

Muka leƙa wani ɗan shagon abinci. Kanta cike da farantai, kowanne an jera yankan burodi da wani abu a kai, an soke da tsinke. Pintxo sunansa, ni finco bakina ya iya. Na ɗaga kai sai na ga cinyoyi rataye a rufi, da kofatonsu. Ba sai an gaya mini na wace dabba ba ne. Na ce a raina a yi hattara. Na nuna wani mai jan nama siriri, na tambayi yaron shagon da Turanci ko alade ne. Ya ce, “Bai.” Na tsaya ina jiran ƙarashen zancen. Bai me? Bai kai alade ba? Bai taɓa alade ba? Ya sake cewa, “Bai, bai!” Na ce, “Hajiya, kin ji, har sau uku ya musanta.” Na miƙa hannu. Ta buge mini hannu kamar yaro ya taɓa miyar baƙi. Ta ce, “Kai da ka koyar shekara talatin, ba ka ga kansa yake gyaɗawa ba?” Ashe bai a wurinsu shi ne i. A'a kuma ez. Yaron da ya fahimci inda muka dosa, ya yi dariya, ya jawo mana farantin wainar ƙwai da dankalin turawa, da wani tsinke da suke kira gilda: zaitun, da ɗan kifi mai gishiri, da koren barkono da aka jiƙa a ruwan tsami. Na jefa shi baki gaba ɗaya kamar tsire. Gishiri ya kama harshe, tsami ya kama muƙamuƙi, idona ɗaya ya rufe da kansa. Amma na ƙara huɗu.

Wani tsoho mai baƙar hula faffaɗa, shimfiɗe a ka kamar faifai, ya matso ya ce, “Gana? Williams?” Yana nufin Iñaki da ƙanensa Nico, 'yan ƙwallon Athletic Bilbao waɗanda iyayensu mutanen Gana ne. Ƙungiyar nan ba ta ɗaukar ɗan wasa sai wanda aka haifa ko ya taso a ƙasar Bask, don haka yaran nan nasu ne, suna ji da su. Na ce Najeriya. Ya ɗaga kafaɗa alamar ba laifi, ya dafa ni. Da muka tashi biya, yaron ya tambaye ni nawa muka ci, na faɗa, ya karɓi kuɗi bai ƙirga komai ba. Na daɗe ina tunanin mai tsiren da zai gwada wannan a bakin tasha.

Da muka fito, shaguna na ta jan ƙofa. Na duba agogo, ƙarfe ɗaya. Na ce, “Dubi lalaci, ƙarfe ɗaya an tashi kasuwa.” Muka wuce wani kantin magani mai agogon lantarki a goshi, ya nuna biyu da minti biyar. Na girgiza kai na ce, “Ga Turai, ga agogon da ba a saita ba.” Can gaba muka ga wani, shi ma ya yi gaba da awa guda. Na ce, “Gari guda babu mai gyara.” Hajiya ta ce, “Malam, agogo biyu fa.” Na ce ƙarya biyu ba ta zama gaskiya. Rana ma ba ta taimake ni ba, don a can lokacin zafi sai wajen goma na dare take faɗuwa, ƙarfe biyar ɗinsu inuwa kamar ta bayan azahar.

Muka yi sallah a wani lambu, muka bi bakin ruwa, muna wuce manyan gidajen attajiran da, har muka kai gadar da kowa ke zance. Gadar Bizkaia, jan ƙarfe, an buɗe ta a 1893, aikin wani magini Alberto Palacio, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2006. Ba irin gadar da ka sani ba ce. Dogayen ƙafafu ne biyu a wannan gaɓa, biyu a waccan, an gitta ƙarfe can sama don manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙasa su shiga Bilbao. Daga saman aka rataye wani ɗaki da igiyoyin ƙarfe, mutane da motoci su shiga, a ja shi ya tsallake kogin Nervión cikin minti ɗaya da rabi. Kamar guga, sai dai a kwance yake tafiya. Kuɗin shiga bai kai Yuro ɗaya ba.

Da na shiga gugar nan na tsallaka kamar kowa, da ba ku ji wannan labari ba. Amma na ga ana hawa lif a taka saman gadar da ƙafa, tsayin kusan mita 45, na ce ai lokaci na nan birjik. Muna kaiwa tsakiya iskar teku ta shigo babbar rigata ta ƙasa. Riga ta kumbura, hannuwa suka buɗe, na koma kamar tantin biki. Ta tsakanin katakon da nake takawa ina hango ruwa. Na kama ƙarfe da hannu biyu ina salati, Hajiya ta riƙe mini gefen riga tana cewa, “Tattare ta mana!” Da wane hannun? Cikin haka kube ta ce ga garinku nan. Ina ji ina gani ta yi sama, ta juya sau biyu, ta sauka a kogi, ta kama hanyar teku.

Muka sauka a ɗaya gaɓar, garin Portugalete, kaina tsirara, sanƙo na sheƙi. Dattijo kamata ba ya yawo haka. Muka sami wani shagon tsaraba da aka buɗe, na sayi irin baƙar hular tsohon nan, txapela, na kifa. Hajiya ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Mai shagon ta hango katin jirgi rataye a wuyana, ta ce, “Barco?” wato jirgi, ta nuna agogon bango. Biyar da kwata. Na yi mata murmushin da nake yi wa ɗalibi mai gardama, na nuna mata nawa. Huɗu da kwata. Ta nuna mini wayarta. Ta kira wata mai sayayya, ita ma ta nuna tata. Sannan ta miƙo mini rasit ta ɗora yatsa a kan lambobin: 17:15. Hajiya ta kunna wayarta ba tare da ta nemi izinina ba.

Abin da ya faru shi ne, lokacin zafi agogon Ingila daidai yake da na Najeriya, shi ya sa tun da na sauka agogona bai taɓa saɓawa ba. Sifaniya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Wannan bayani yanzu ne nake iya jera shi. A lokacin cikina ne kawai ya ɗuri ruwa.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Muna isa bakin gada gugar ta tashi a kan idonmu. Minti takwas ake jira kafin ta sake tashi daga wannan gefe, kuma ban taɓa sanin minti takwas na da tsawo haka ba. Da muka shiga, minti ɗaya da rabin nan ji nake kamar in fita in tura. A ɗaya gefen na tare tasi da jikina gaba ɗaya. Direba ya dubi riga, ya dubi hula, ya ce, “Barco?” Na daka tsawa, “Bai! Bai! Bai!” Wannan karon na san abin da nake faɗa.

Muna shiga tasha jirgi ya saki wani ƙaho da na ji har cikin haƙori. Ma'aikata sun tattare komai, saura tsani ɗaya. Daga inda mota ke tsayawa zuwa tsanin akwai 'yar tafiya, na naɗe riga a kafaɗa na zuba da gudu, takalmi ɗaya a hannu, Hajiya na biye da ni a hankali abinta. Sai na ji ihu daga sama. Na ɗaga kai: kowace baranda cike da mutane, bene bisa bene, suna tafi, suna fito, wasu na ɗauka a waya. Daga baya na ji har sunanmu an yi ta kira a lasifika, an kuma karya shi yadda ko ni ba zan gane ba.

A bakin tsani wani matashin jami'i cikin fararen kaya, sa'an ɗan autana, yana tsaye. Bai ce mini uffan ba. Ya ɗaga hannun hagu, ya sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin agogonsa sau biyu. Wallahi saura kaɗan in miƙa hannu. Hajiya ta iso tana gyara mayafi, ta ce masa da Hausa, “Yaro, da akwai tsumagiya da shida za ka ba shi. Haka yake yi wa 'ya'yan mutane.”

A ɗaki na laluba aljihu neman goro don in dawo hayyacina. Na warware takardar, ga rubutu da manyan haruffa, jan goro ya ɓata rabinsa: a tura agogo gaba da awa ɗaya kafin a kwanta. Na ninke ta a hankali na mayar aljihu, amma ta riga ta gani.

Agogon dai ban murɗa shi ba. Na ci gaba da ƙara awa ɗaya a zuci, Hajiya na tuna mini ko ban tambaya ba. Daren da za mu koma Ingila aka sake turo takarda, wannan karon na karanta ta har sau biyu: a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Da safe na nuna mata agogon jirgi, na nuna mata nawa, sun yi daidai cif. Na ce, “To, kin gani? Dama lafiyarsa ƙalau.” Ta dube ni, ta dubi baƙar hular da ke kaina, ta ce, “Kaico, Malam.” Na tambaye ta da wane harshen take magana, ta ce in zaɓa.